Keken haya na waya da sikuta, zai yi aiki a Kano kuwa?

Matashin_Kabuga:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga 'yan uwa mazauna waje da suka taɓa hawa da kansu. Maganar kekunan nan ne da ake jerawa a bakin titi a manyan birane, mutum yazo da wayarsa ya haska lambar dake jikin keken, kwaɗon ya buɗe, ya hau yaje inda zashi ya ajiye a can wani ma yazo ya ɗauka, kuɗin kuma ta waya ake cira gwargwadon mintunan da kayi. Akwai kuma sikuta mai batir wadda ake hawa a tsaye, ita ma haka tsarinta yake.

Dalilin tambayar, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yaga yadda kuɗin adaidaita ya koma, litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ga acaɓa kuma tun 2013 aka hana su ɗaukar fasinja a cikin gari. Wanda abin yafi taɓawa shine mai gajeriyar tafiya, wadda tayi nisa a ƙafa amma kuma kana jin zafin biya mata kuɗin mota. Duk wanda yasan sabuwar BUK ta titin Gwarzo yasan tsakanin get da wasu sassan ba ƙaramar tafiya bace, haka ABU Samaru. Na karanta cewa a Afirka ma an gwada, Marrakesh ta Maroko tun 2016, Kigali a 2021, Alƙahira a 2022, har a Legas akwai Awa Bike da suka yi a cikin jami'o'i.

Na gama bautar ƙasa ina da ɗan abinda na tara, ina so in fara wannan sana'ar a cikin makaranta, yayana yace zai ƙara min in yaga tsari mai ma'ana. Toh keke zan fara da shi ko sikuta? A barsu ko'ina kamar yadda ake yi a waje ko a yi musu tasha? Ya suke yi da ɓarayi? Sannan su kamfanonin can riba suke ci da gaske ko gwamnati ce ke tallafa musu? Dan Allah a faɗa min gaskiya komai ɗacinta, kuɗin gumi ne.

DanKwari_Guangzhou:

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sa albarka a niyya. Ni harkar yadi nake, ina yawan zama Guangzhou ta ƙasar China, kuma keken nan da shi nake zirga-zirga tsakanin masauki da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da kasuwanni. Kana fitowa daga tasha zaka gansu jere rututu, ruwan ɗorawa na kamfanin Meituan, shuɗi na Hello, koren na Didi, ka haska da manhajar WeChat ko Alipay ya buɗe, gajeriyar tafiya wajen yuan ɗaya da rabi ce, wlh ko ruwan gora ya kai haka. Daɗi kam akwai daɗi. Amma bari in faɗa maka abinda bidiyo baya nunawa.

Na farko, da asuba in ka fito zaka ga ma'aikata da motoci masu ƙafa uku suna loda kekuna daga inda suka taru suna kaiwa inda babu, saboda da safe kowa daga unguwa yake tafiya tasha, da yamma kuma kowa komawa yake, in ba'a kwashe ba sai nan ya cika har ya tare hanya can kuma wayam. Wannan aikin kullum ne, albashi ne, mota ce, kuma shi yake cinye kuɗi ba sayen keken ba. Na biyu, ba ko'ina ake ajiyewa ba yanzu, akwai farin layi da aka zana a gefen hanya, in ka ajiye a wajen yankin da aka yarda manhajar zata ƙi rufe maka tafiyar ko ta cire maka tara. Sai da suka sha wuya suka koyi wannan.

Ka nemi labarin Ofo. Ɗaliban jami'ar Peking ne suka kafa shi a 2014, a cikin makaranta suka fara kamar yadda kake tunani, kuma a makarantar abin ya tafi daidai. Da masu zuba jari suka shigo da kuɗi sai aka fara gasa da wani kamfanin mai suna Mobike, kowa yana zuba miliyoyin kekuna a titi, hawa kusan kyauta dan a ƙwace kasuwa, a 2017 hukumomin birane suka dinga kwashe su suna tarawa a fili tsibi-tsibi har ya fi gida tsayi. Suna karɓar kuɗin ajiya a hannun duk wanda yayi rajista, yuan 99 daga baya 199, a ƙarshen 2018 kamfanin ya durƙushe mutum sama da miliyan goma suka shiga layi a manhaja suna jiran a dawo musu da kuɗinsu. Mobike kuwa Meituan ce ta saye shi a 2018 a kan dala biliyan 2.7. Ka lura duk ukun da suka rage a yau, Meituan da Didi da Hello, a bayansu akwai wani ƙaton kamfani mai wata sana'ar, ɗaya kai abinci, ɗaya tasi, ɗaya kuma masu Alipay na da hannu a ciki. Keken kaɗai da ƙyar yake riƙe kansa.

Batun sata, dalilin da yasa ba'a cika yi ba a can, asusunka a haɗe yake da katin shaida ko fasfo, ga kyamara a kowace kwana, sannan keken da kansa an ƙera shi yadda kayansa basa shiga wani keken, taya ma ba ta iska bace, in ka sata wa zai saya. Mu kuwa ko ba a saya a matsayin keke ba, 'yan jari bola zasu auna shi a sikeli. Dan haka maganar bari a bakin titi ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Sikutar tsaye kuma ko a Beijing da Shanghai ba'a yarda a hau da ita kan titi ba. In zaka yi, keke, a cikin katanga, kuma kar ka kuskura ka taɓa kuɗin ajiyar mutane kace zaka juya.

Kawu_Rali:

Salamu alaikum. Ɗana, wannan abin da kake cewa na waje ne ai mun yi shi a nan kafin a haife ka, waya ce kawai babu. Mahaifina mai gyaran keke ne kuma yana bada haya, a rumfarsa na tashi, ni ke buga iska ni ke riƙe kwanon ruwa in ana neman inda tif ya huje. Kekunan haya a jingine suke jikin katanga an zura musu sarƙa ɗaya, yaro yazo da 'yan kwabbansa, Baba ya dubi agogo ya rubuta lokaci da alli a jikin ƙyauren, amma kafin ya kwance keken sai ya tambaya kai ɗan gidan wane ne. In bai san gidan ba sai ka kawo wanda ya sani ya tsaya maka. Manya kuma suna ɗauka na yini su tafi cin kasuwar ƙauye su dawo bayan magariba. Ranar sallah kuwa tun hantsi babu keke ko ɗaya a rumfa, yara na layi. Keke bai cika ɓata ba, don wanda ya ɗauka yasan in bai dawo ba kafin isha'i Baba yana ƙofar gidansu yana sallama da ubansa.

Toh kai abinda zaka nema a makaranta kenan, wanda zai tsaya wa mai hawa. Katin ɗalibi, lambar rajista, da yardar hukumar makaranta a rubuce cewa wanda ya salwantar da keke ba zai karɓi takardar kammalawa ba sai ya biya. In ka samu wannan ka samu komai, in baka samu ba ko wace irin manhaja ka saya asara zaka yi. Ni ban ga dalilin da zaka fara da kwaɗon waya ba ma, kuɗinsa zai iya sayen wani keken, ga caji ga data ga sabis da yake ɗaukewa. Rumfa biyu ko uku, kowacce da yaro amintacce da littafi, a biya ta transfa ko hannu, a karɓa a nan a miƙa a can. In abin ya kama ƙasa ka kawo na'urar daga baya.

Yanzu ka saurari ɓangaren da na fi sani. Keken haya ba ya mutuwa da sata, da gyara yake mutuwa. Wanda ba nashi ba baya tausayinsa, zai faɗa rami da gudu, zai goya abokinsa a kariya wani ma a kan sandar gaba, kafin wata biyu gargare ya lanƙwashe sifoki sun tsintsinke feda ta karye. Dan haka ka cire kariyar baya gaba ɗaya ka sa kwando a gaba na jaka da littattafai. Kar ka sayi mai giya, Kano shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu, giya kayan lalacewa ne kawai. Ka sayi iri ɗaya sak duka, yadda in ɗaya ya mutu kayansa zasu tashi sauran. Ka shafe su da fenti mai ɗaukar ido wanda ba wanda zai so a ganshi da shi a unguwa, a yi walda da lamba a jikin firam ba sitika ba, sirdi kuma a ɗaure shi da noti mai wuyar kwancewa don shi ake fara cirewa. Sannan ƙaya, duk filin da ake yanke hanya akwai tsidau, faci zai zame maka abincin yau da gobe, ka tanadi tif da sulushan da yawa. Mai gyara ya zama naka ne na dindindin mai albashi, yana zaune a rumfa, ba wanda zaka dinga kira yana cewa gashi nan zuwa ba.

Sikuta kuwa na ga irinta a hannun 'ya'yan masu hali, ƙafar ƙarama ce ƙwarai, yashi kaɗan ya tsayar da ita, rami kaɗan ya kifar da mutum ta fuska, batirinta kuma da wace wutar zaka caja guda ashirin kullum, ga zafin watan Afrilu. In ta lalace ba mai gyaran keken da zai iya buɗe ta.

Abu ɗaya da ke damuna shine girman kai. A zamaninmu malamin makaranta da ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya, bashin keke ake basu, mutum ya sayi Rali sabuwa dal ya ɗaura mata ado yana alfahari. Yanzu saurayi gara ya taka a ƙasa yana gumi da 'yan mata su ganshi a kan keke. Ka auna wannan sosai kafin ka zuba kuɗi.

Bamaradi_a_Paris:

Salam 'yan uwa. Ni ɗan Maraɗi ne ina karatu nan Paris, bari in ƙara kan maganar sikuta, mu nan trotinet muke ce mata. Sun shigo garin ga a 2018, cikin shekara guda kamfanoni sunka kai wajen goma sha biyu, kowa na zubawa. A 2020 hukumar gari ta rage su zuwa ukku, Lime da Dott da Tier, kowane dubu biyar, jimilla 15,000. Duk da hakanan matsala ba ta ƙare ba, ana yada su kwance bisa hanyar masu ƙahwa, makaho da mai keken guragu da mace mai tura jariri su rasa wurin bi, samari su hau su biyu su ratsa cikin mutane, an samu raunuka har da rasa rai, wasu kuma cikin kogin Seine ake tsamo su. Ranar 2 ga Afrilu 2023 magajiyar gari Anne Hidalgo ta sa anka yi ƙuri'a, kusan kashi 89 cikin ɗari sunka ce a hana, ko da yake waɗanda sunka hito ba su kai kashi 8 cikin ɗari na masu rajista ba, abinda kamfanonin sunka yi ta kuka da shi kenan. Daga 1 ga Satumba 2023 babu trotinet ta haya a Paris, sai wadda mutum ya saya tashi. Madrid ma ta soke lasisinsu a 2024. Kuma a lokacin ba ta da arha hwa, yuro guda na buɗewa sannan wajen santim 25 kowane minti, tahiyar minti goma ta hi tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa tsada, shi ya sa masu yawon buɗe ido da samari sunka hi hawa, ba mai zuwa aiki ba.

Wanda ya ɗore shi ne Vélib', keke mai tasha, tun 2007. Yanzu kekuna wajen 20,000 ne da tashoshi sama da 1,400, kore na ƙahwa, shuɗi mai batir. Kana ciro shi daga turke ka maida shi wani turken, in ba ka ji ya kama ba kuɗɗi na ci gaba da tahiya bisa kanka. Ga amsar tambayarka ta riba: da farko kamfanin talla JCDecaux ne ya ɗauki nauyi, gari ya ba shi allunan talla a madadin, yanzu kuma ƙananan hukumomi ke biyan kaso babba. Kuɗɗin masu hawa kaɗai ba su taɓa isa ba. Kenan kai ma ka nemi mai talla tun yanzu, banki ko kamfanin waya ko na lemo ya sa sunanshi jikin kwando da rumfa, na Landan ma sunan bankin Santander ke jikinsu.

Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ke da ɓarna. Shekarun farko an sace ko an lalata dubban Vélib'. Kamfanin Gobee.bike ya tattara ya bar Faransa a 2018 saboda ɓarna, Mobike ma ya bar Manchester ta Ingila a 2018 ɗin saboda hakanan. Duk inda anka bar abu ba mai ido a kai haka ake mishi.

Yar_Aji_Uku:

Assalamu alaikum. Duk maza ne suka amsa shi yasa ba wanda ya taɓo wannan. Malam ka cire mu a lissafinka tun farko, mu mata muna da yawa sosai a makarantun nan amma da wuya ka samu wadda zata hau keke a gaban mutane, wasunmu mun iya tun muna yara amma ana fara girma ake hanawa, kuma ko ba'a hana ba doguwar riga da hijabi har ƙasa ina zasu da sarƙa da sifoki. Adaidaitan nan ma ai saboda mata aka fara kawo ta zamanin Shekarau a 2005 dan a raba mu da acaɓa. Gashi kuma mu ne muka fi biyan kuɗin gajeriyar tafiyar da kake magana, maza da yawa takawa suke.

Sannan ka duba farashi da kyau. Adaidaita mutum uku ko huɗu ke raba kuɗin, kana zaune a inuwa, kai kuma kekenka mutum shi zai tuƙa kansa a rana mai digiri arba'in ya shiga lakca jiƙe da gumi, dole ya zama kuɗinka bai kai nasu ba sosai kafin a zaɓe ka, toh a wannan kuɗin zaka biya yaran rumfa da mai gyara? Ga hutu, ga yajin aikin malamai da zai iya ɗaukar watanni kamar na 2022 da aka yi wata takwas, kekuna na zaune suna tsatsa. Ga masu adaidaita da ke aiki a ciki suna da ƙungiya, ba zasu tafa maka ba, ka zauna da shugabanninsu tun kafin ka kawo keke ko ɗaya. A wajen makaranta kuma ni ban ga uwar da zata yarda ɗanta ya shiga titin Zariya ko Katsina Road da keke tsakanin tirela da adaidaita ba hanyar keke ba komai ba, balle ace ka tsaya bakin titi ka ciro waya kana haskawa da ƙwacen wayar nan da ake yi.

Ba kashe maka gwiwa nake ba, wlh ina so abin ya yiwu dan kuɗin mota na cin rabin abinda ake turo mana. Amma da ni ce da jarin, adaidaita mai caji zan fi tunani, ta dinga zagaye tsakanin hostel da ajujuwa, kowa zai shiga.

Bamaradi_a_Paris:

Malama gaskiya kika faɗi, amma al'adar tana iya canzawa, ki je Wagadugu ta Burkina Faso ki ga mata da zane da goyo bisa keke da moto, a Yamai ma mata na tuƙa moto ba mai kallonsu. Akwai keke marar sandar tsakiya mai murhin sarƙa da raga a ƙahwar baya, da doguwar riga ake hawanshi. In ya sa ko guda biyar kusa da masaukin mata zai ga ko akwai masu so.

Matashin_Kabuga:

Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alkhairi. Sikuta dai na ajiye ta. Malama maganar hutu da yajin aiki ta shige ni sosai, zan sake lissafin a kan watannin karatu kawai. Kawu dan Allah sabo zan saya ko na gwanjo? Kuma guda nawa ya kamata in fara da su?

Kawu_Rali:

Na gwanjo mai kaurin firam ya fi sabon mai arha ƙarko, amma wahalarsa samun iri ɗaya, dan haka ka tafi da mai gyaran naka ranar saye ya zaɓa da hannunsa, ya juya ƙafa ya ga ko tana rawa, ya duba wuyan firam ko an taɓa yin walda, taya da tif da birki kuwa ka canza sababbi duka tun ranar farko. Yawan kuma kar ka yanke daga ɗaki. Kaje get da ƙarfe bakwai da rabi na safe ka tsaya da biro da takarda ka ƙirga masu takawa a ƙasa, ka koma da azahar ka koma da la'asar, ka tambayi wasunsu nawa zasu iya biya. Goma sun isa gwaji na zango ɗaya, biyu daga ciki ka ajiye su a matsayin madadin waɗanda ke wajen gyara. Kuma takardar izinin makaranta ta riga shiga hannunka kafin ka biya kuɗin keke ko ɗaya.